Garkuwar ƙwayar maniyyi: aikin enzayim wajen kare ta daga ɓarnar oksijin

Akwai mazan da gwajin maniyyinsu ke fitowa lafiya ƙalau, yawa ya kai, motsi ya kai, siffa ba laifi, amma a shekara cur ana tare ba ciki, ko kuma cikin ya shiga ya zube tun bai yi ƙwari ba. Wanda ya san abin da gwajin ke dubawa ba zai yi mamaki ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa ta yawan ƙwayoyi a miliyan 16 cikin kowace mililita, masu motsi kashi 42 cikin ɗari, masu ninƙaya gaba kashi 30, masu cikakkiyar siffa kashi 4. Duk waɗannan ana ƙirga su ne da ido a ƙarƙashin madubin likita. Abin da ido ba ya gani shi ne halin da tantanin ƙwayar, wato siririyar fatar da ta lulluɓe ta, yake ciki, da lafiyar DNA, wato bayanan gado, da ta ɗauko a kanta. Daga cikin manyan abubuwan da ke lalata waɗannan biyun akwai iskar oksijin, wadda kuma jiki ba ya rayuwa sai da ita.

Tsakanin kan ƙwayar maniyyi da jelarta akwai wani ɗan yanki da ake kira tsakiya, inda mitokondiriya ke naɗe a jere. Su ne ke ƙona sinadaran abinci da oksijin su samar da kuzari. Kamar yadda wuta ba ta ci ba tare da tartsatsi ba, haka wannan ƙonawar: wasu ilektiron kan zille daga hanyarsu su faɗa kan oksijin kai tsaye, sai a sami wani sinadari mai kaifi da ake kira sufa'oksaid. Daga shi ake samun haidirojin feroksaid. Wannan na biyun bai kai na farko zafi ba, amma ya fi shi daɗewa, kuma yana ratsa tantani ya tafi nesa. Idan ya gamu da sinadarin ƙarfe ko tagulla da ke yawo sake, sai ya rikiɗa ya zama haidiroksil, wanda duk abin da ya taɓa nan take yake lalata shi. Babu wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, a jikin ɗan Adam da ke iya kama haidiroksil, domin yana gama ɓarnarsa kafin a cim masa. Shi ya sa dukkan tsaron yake tattare a matakai biyun farko: a kawar da sufa'oksaid, a kawar da feroksaid, tun kafin na ukun ya samu.

Sanin wannan ba sabo ba ne. Tun 1943 John MacLeod ya lura a Amurka cewa ƙwayoyin maniyyin mutum suna saurin daina motsi idan aka ajiye su inda oksijin ya yi yawa, kuma idan aka zuba musu enzayim ɗin katalas sai motsin ya daɗe. Sai a 1987 John Aitken da abokin aikinsa suka nuna a fili cewa ƙwayoyin da kansu suna samar da wannan tartsatsi, kuma na mazan da ke fama da rashin haihuwa sukan fi samarwa.

Me ya sa ƙwayar maniyyi ta fi sauran ƙwayoyin jiki shan wahala a nan? Dalili na farko tantaninta ne. Domin ta iya lanƙwasa, ta yi ninƙaya, daga ƙarshe ta narke da tantanin ƙwan mace, dole tantanin ya kasance mai taushi ƙwarai. Taushin yana zuwa ne daga wani irin maiƙo mai yawan mahaɗai masu ninki biyu, musamman DHA, wanda ke da irin wannan mahaɗi har shida. Kowane ɗaya daga cikinsu wuri ne da tartsatsi ke iya kamawa. Da zarar ya kama maiƙo ɗaya, wannan ya kama na kusa da shi, na kusan ya kama na gaba, haka za a yi ta tafiya har sai wani abu ya katse layin. Dalili na biyu kuma ƙarancin wuri ne. A matakin ƙarshe na ƙera ta a cikin maraina, ƙwayar tana zubar da kusan dukkan ruwan cikinta don ta yi siriri ta yi sauƙin tafiya. To a cikin wannan ruwa ne sauran ƙwayoyin jiki ke ajiye enzayim ɗinsu na tsaro. Ɗan abin da ya rage mata yana maƙale a tsakiya, kai da jela kusan a buɗe suke. Ga shi kuma bayan an ƙulle DNA ɗinta ba ta ƙara ƙera sabon furotin na a-zo-a-gani. Abin da ta fito da shi daga maraina, da abin da aka ƙara mata a hanya, shi ke nan guzurinta.

Enzayim na farko a sahun tsaro shi ne SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969. Yana ɗaukar sufa'oksaid biyu ya mayar da su haidirojin feroksaid da oksijin. Iri uku ne: SOD1 yana cikin ruwan ƙwaya, yana aiki da tagulla da tutiya, SOD2 yana cikin mitokondiriya, yana aiki da manganis, SOD3 kuma ana fitar da shi waje, cikin ruwan da ƙwayoyin ke iyo. Abin lura shi ne SOD bai gama aikin ba, ya dai canza wa gubar kama ne. Idan SOD ya yi yawa alhali masu karɓa daga hannunsa sun gaza, feroksaid zai taru, kuma feroksaid ya fi sufa'oksaid iya tsayar da motsin ƙwayar maniyyin mutum. Don haka takardar gwaji da ta nuna SOD mai yawa ba lallai albishir ba ce. Wani lokaci ma alama ce ta cewa ƙwayoyin ba su zubar da ruwan cikinsu yadda ya kamata ba.

Masu karɓar feroksaid gida uku ne. Katalas yana fasa shi ya zama ruwa da oksijin, yana da sauri sosai idan feroksaid ya yi yawa, sai dai ƙwayar maniyyi ba ta da shi da yawa a jikinta; wanda ake samu ya fi yawa a ruwan maniyyi. Gida na biyu su ne enzayim ɗin da ake kira GPx, masu amfani da wani sinadarin kariya mai suna gulutatiyon wajen kawar da feroksaid. Na uku kuma feroksiredoksin, PRDX1 zuwa PRDX6, waɗanda aka daɗe ana raina su kafin binciken Cristian O'Flaherty a Jami'ar McGill ta Kanada ya nuna cewa su ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na aikin a ƙwayar maniyyin mutum. PRDX6 ya fi fice, domin bayan kawar da feroksaid yana taimakawa wajen cire maiƙon da ya riga ya lalace daga tantani. Ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon da ke samar da shi suna fitar da maniyyi mai raunin motsi da lalataccen DNA, kuma haihuwarsu tana raguwa.

GPx4 ne ya cancanci a tsaya a kansa, domin labarinsa ya fita daban. Shi ne ke iya shiga cikin tantani ya gyara maiƙon da feroksaid ya kama yana nan a mazauninsa, ba sai an ciro shi ba, wato shi ne mai katse layin nan da aka ambata. A tsakiyar enzayim ɗin akwai seleniyam, kuma in babu shi ba a ƙera shi yadda ya kamata. Tun da daɗewa masu binciken dabbobi sun lura cewa ɓeran da aka hana wa seleniyam yana fitar da ƙwayoyin da jelarsu ke karyewa ko ta lanƙwashe daga tsakiya, amma ba a san dalili ba. A 1999 Fulvio Ursini na Jami'ar Padua a Italiya da abokan aikinsa suka warware zancen. Yayin da ƙwayar ke girma a maraina GPx4 yana aikinsa na enzayim, amma da ta kusa kammala sai ya sarƙe da kansa da wasu furotin, ya daina aikin enzayim, ya zama kayan gini. Kusan rabin kwanson da ke riƙe mitokondiriya a tsakiyar ƙwayar, GPx4 ne da ya daskare. Akwai kuma wani nau'insa da ke cikin kan ƙwayar, wanda ke taimakawa wajen ɗaure furotamin, furotin ɗin da ke ƙulle DNA tamau. Ɓeran da aka cire wa nau'in mitokondiriya kaɗai yana rayuwa lafiya, amma namijin ba ya haihuwa. A mutane ma an sami ƙarancin GPx4 a maniyyin wasu mazan da ƙwayoyinsu ba su da yawa kuma ba su da motsi. Ma'anar wannan a aikace ita ce, tawayar da ta faru a maraina makonni da suka wuce ba ta gyaruwa da abin da aka sha yau. An riga an gina ƙwayar da ita.

Duk waɗannan enzayim suna gajiya, sai an sake ɗana su. Gulutatiyon da aka yi amfani da shi sai wani enzayim ya maido da shi, mafi yawan feroksiredoksin kuma wani furotin mai suna tiyoredoksin ne ke maido da su, kuma hanyoyin biyu sun dogara da wani sinadari mai suna NADPH, wanda enzayim ɗin G6PD ke samarwa daga sukari. A nan ne gizo ke saƙa. Ƙwayar da ba ta nuna ba, wadda ta fito da ragowar ruwa a wuyanta, tana da G6PD fiye da kima, sai NADPH ɗin da ya yi yawa ya koma ciyar da hanyoyin samar da sufa'oksaid. Irin wannan ƙwaya ba kanta kaɗai take cuta ba, har lafiyayyun da ke gefenta.

Tunda ƙwayar ba ta da isasshen tsaro a jikinta, aro take yi. Bayan ta bar maraina tana shafe kwanaki a efididimis, wani siririn bututu mai tsawon mita da yawa da ke naɗe a bayan kowane ɗan maraina, inda take koyon motsi, DNA ɗinta kuma ya ƙara ƙulluwa. Bangon bututun yana zuba mata SOD3 da GPx5, wani GPx da ba ya buƙatar seleniyam. Binciken da aka yi a Faransa a 2009 kan ɓerayen da ba su da GPx5 ya nuna wani abu mai muhimmanci: suna yi wa mata ciki kamar kowa, amma da suka tsufa sai ɓari da nakasar 'ya'ya suka ƙaru. Ƙwayar ta isa ƙwai, ta shiga, amma kayan da ta kawo sun taɓu. Lokacin fitar maniyyi kuma ruwan furostet da na sauran ƙullutai yana ƙara SOD da katalas, da tutiya mai yawa, da bitamin C wanda yawansa a ruwan maniyyi ya ninka na jini sau da dama. Wani gwaji da aka buga a 1991 ya rage wa wasu maza 'yan kaɗan bitamin C daga miligiram 250 zuwa 5 a rana, sai alamar lalacewar DNA a maniyyinsu ta kusa ninkawa, da aka maido musu kuma ta sauka.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa manufa ita ce a kashe tartsatsin gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Ƙwayar maniyyi da ta fito yanzu ba ta iya shiga ƙwai. Sai ta yi sa'o'i a jikin mace tantaninta ya canza, jelarta ta koma bugawa da ƙarfi, sannan hular da ke kanta ta fashe ta saki sinadaran huda bangon ƙwai. Ɗan ƙaramin adadi na sufa'oksaid da feroksaid ne ke kunna wannan shiri. A farkon shekarun 1990 Eve de Lamirande da Claude Gagnon suka nuna a Kanada cewa idan aka zuba SOD a kan ƙwayoyin mutum a wannan mataki, shirin ba ya kammaluwa. Aikin enzayim ɗin, ke nan, riƙe tartsatsin ne a daidai gwargwado, kuma gwargwadon yana canzawa daga mataki zuwa mataki.

Idan ma'aunin ya karkata, galibi ba enzayim ɗin ne suka lalace ba, samarwar ce ta fi ƙarfinsu. Babban mai laifi shi ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu ke nan su fesa wa ƙwayoyin cuta sufa'oksaid da feroksaid, kuma suna samarwa ninkin-ba-ninkin abin da ƙwayar maniyyi ke yi. Sukan taru idan akwai ciwon sanyi ko kumburi a furostet ko efididimis, sau da yawa ba tare da mutum ya ji komai ba. Iyakar da aka sa ita ce miliyan 1 a mililita, kuma dole a yi gwajin feroksidas kafin a yanke hukunci, domin a madubi fararen ƙwayoyin jini suna kama da ƙwayoyin maniyyi 'yan jarirai masu siffar ƙwallo. Ɗakin gwajin da ya rubuta "ƙwayoyin mugunya" da kallo kawai yana iya sa a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a banza. Na biyu shi ne barikosil, kumburin jijiyoyin jinin maraina, yawanci a hagu, wanda ake samu a kusan kashi 15 cikin ɗari na maza, da kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na masu zuwa asibiti don rashin haihuwa. Maraina suna buƙatar sanyi da digiri 2 zuwa 4 ƙasa da zafin jiki, jinin da ke taruwa kuma yana ɗumama su. Sai taba sigari, ƙiba, ciwon sukari da ba a kula da shi, zazzaɓi mai zafi, da tsufa.

Ɓarnar tana bin hanya sananniya. Maiƙon da ya lalace yana farfashewa ya bar wasu sinadarai irin su MDA da 4-HNE. Shi 4-HNE yana manne wa furotin ɗin mitokondiriya ya sa su ƙara zubar da ilektiron, wato ɓarna tana haifar da ɓarna. Motsi ne ke fara tafiya, sannan tantani ya yi tauri ya kasa narkewa da ƙwai. A DNA kuma ana samun tabon da ake kira 8-OHdG. Ƙwayar maniyyi tana da enzayim ɗaya tak na fara gyaran wannan tabo, OGG1, wanda ke cire ɓangaren da ya lalace ya bar gurbi, amma ba ta da na cike gurbin. Ƙwan mace ne ke ƙarasa gyaran bayan haɗuwa, kuma ƙarfinsa na yin hakan yana raguwa da shekarun mace. Wannan ne ya sa lalacewar DNA ta namiji ke iya ɓoyewa idan matar tana da ƙuruciya, ta bayyana daga baya a matsayin ɓari mai maimaituwa, a kuma ɗora wa matar laifin da ba nata kaɗai ba.

Game da gwaji, auna SOD ko katalas a ruwan maniyyi aikin masu bincike ne, bai zama abin dogaro a asibiti ba, domin sakamakon nazarce-nazarce ya saɓa wa juna. Abin da ya fi amfani shi ne auna sakamakon ɓarnar, wato kason ƙwayoyin da DNA ɗinsu ya tsintsinke, ta hanyar gwajin da ake kira TUNEL ko SCSA ko makamantansu. A SCSA, idan kason ya haura kusan 25 zuwa 30 cikin ɗari akan fara damuwa. Ba kowa ke buƙatar wannan gwaji ba. Ya fi dacewa da ɓari mai maimaituwa, rashin haihuwa da ba a gano dalilinsa ba, ko haɗa ƙwai a kwalba da ya gaza sau da yawa. Gwajin yau da kullum kuma yana buƙatar hutun kwana 2 zuwa 7 ba tare da fitar da maniyyi ba, a kai samfurin cikin sa'a guda, kada ya yi sanyi ko zafi a hanya, kuma ba a yanke hukunci da samfur ɗaya idan ya fito da matsala.

Sai batun ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan gyaran maniyyi. SOD da katalas furotin ne, idan aka haɗiye su ciki yana narkar da su kamar kowane furotin, ba sa isa maraina a matsayin enzayim. Abin da ake iya bayarwa shi ne kayan ƙera su, kamar seleniyam da tutiya, ko mataimakansu, kamar bitamin C da E. Hankali zai ce ya kamata su yi aiki, kuma ƙananan gwaje-gwaje da dama sun nuna kamar suna yi. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2020 a Amurka sun sanyaya gwiwa. A na farko, mai suna MOXI, an ba maza sama da 170 ko dai haɗin bitamin C da E da seleniyam da tutiya da wasu, ko ƙwayar da ba magani a cikinta. Bayan wata uku ba bambanci a siffa, motsi ko lafiyar DNA. A na biyu, FAZST, mai ma'aurata 2,370, an ba mazan folik asid miligiram 5 da tutiya miligiram 30 kullum har wata shida; haihuwa ba ta ƙaru ba, tsintsinkewar DNA ma ta ɗan fi yawa a masu shan maganin, ga ciwon ciki da tashin zuciya. Wannan bai rufe ƙofa ga wanda aka tabbatar yana da ƙarancin wani sinadari ba. Amma enzayim da ya riga ya sami isasshen seleniyam ba ya ƙara sauri don an ƙara masa wani.

Wuce gona da iri kuma yana da nasa farashin. Baligi yana buƙatar seleniyam maikurogiram 55 a rana, kuma a ma'aunin Amurka 400 ne iyakar da ba a so a haura. Sama da haka gashi na iya zuba, farce na iya karyewa. Tutiya da ta wuce miligiram 40 kullum na tsawon lokaci tana hana hanji tsotsar tagulla, alhali SOD1 ba ya aiki sai da tagulla, wato mai neman ƙarfafa enzayim ɗin ya raunana shi da hannunsa. A gwajin SELECT, mazan da suka sha bitamin E mai yawa kullum sun fi waɗanda ba su sha ba kamuwa da kansar furostet da kashi 17 cikin ɗari. Akwai kuma rahoton da ya nuna yawan irin waɗannan haɗe-haɗe yana iya sassauta ƙullin DNA a kan ƙwayar, domin ƙullin kansa da aikin oksijin aka ɗaure shi.

Abin da ya fi ma'ana shi ne a nemo inda tartsatsin ke fitowa a toshe. Idan ciwon sanyi ne a yi maganinsa, miji da mata tare. Idan barikosil ne da likita ke iya ji da hannu, kuma gwajin maniyyi ya nuna matsala, tiyata tana rage tsintsinkewar DNA a mazaje da yawa. Wanda sai na'urar hoto ce ta gano shi kuwa, ba a saba taɓa shi ba. A bar sigari, a rage ƙiba, a daidaita sukari, a nisanta maraina daga zafi. Tara maniyyi na makonni da nufin ya yi ƙarfi kuskure ne: ƙwayoyin da suka daɗe a wutsiyar efididimis suna ƙara shan tartsatsi, shi ya sa ake ba mai lalacewar DNA shawarar gajeren hutu, kwana ɗaya ko biyu. Kowane gyara aka yi sai an yi haƙuri, domin ƙera ƙwaya ɗaya yana cin kusan kwana 74, ban da kwanakin efididimis, don haka ba a maimaita gwaji kafin wata uku.

A ɗakin haɗa ƙwai a kwalba matsalar tana ɗaukar wata kama. Kafin a yi amfani da ƙwayoyin dole a raba su da ruwan maniyyi, wato a cire musu garkuwar aro. Idan aka wujijjiga samfurin a na'ura da ƙarfi tun kafin a tace, lafiyayyun ƙwayoyi suna dunƙulewa a gindin kwalba tare da fararen ƙwayoyin jini da waɗanda ba su nuna ba, babu abin da ke tsakaninsu. Don haka ƙwararru kan fara tacewa ta ruwa mai hawa-hawan kauri, ko su bar masu ƙarfi su yi iyo su hau sama da kansu, su rage saurin juyi da tsawonsa, su kuma taƙaita lokacin da ƙwayoyin za su zauna kafin a yi amfani da su. Daskarewa da narkarwa ma suna ƙara ɓarnar. Ga wanda tsintsinkewar DNA ɗinsa ta ƙi sauka bayan an gwada komai, wasu cibiyoyi kan ɗebo ƙwayoyin kai tsaye daga maraina, domin a irin waɗannan maza na maraina sukan fi na waje lafiyar DNA, sai a cusa su ɗaya-ɗaya cikin ƙwai da allura tunda ba su koyi ninƙaya ba tukuna.